Kurakuran da ke kashe ƙorafi kan gina rumbunan kaya a filayen koriyar ɗamara

A Ingila akwai filayen da aka keɓe a gefen birane domin hana gine-gine bazuwa, waɗanda ake kira koriyar ɗamara. Sun kai kimanin hekta miliyan 1.6, kuma tun 1955 gwamnati ta nemi ƙananan hukumomi su riƙa shata su. Duk lokacin da wani kamfani ya nemi izinin gina manyan rumbunan ajiyar kaya a irin wannan fili, yana alkawarin dubban ayyukan yi, mazauna yankin sukan rubuta ƙorafi, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna maimaita kurakurai iri ɗaya.

Mafi tsadarsu shi ne makara. Mutane suna jira sai sun ga takardar neman izini a manne a jikin turken fitila kafin su tashi, alhali an gama yanke hukuncin shekaru da suka wuce, lokacin da ƙaramar hukuma ke rubuta kundin tsarin gari. A cikin wannan kundi ake cire fili daga ɗamara, kuma da zarar an cire shi kariyarsa ta tafi. Haka ya faru a yankin Manchester, inda ƙananan hukumomi 9 suka amince da tsari guda a 2024, wanda ya fitar da filaye masu yawa domin masana'antu a kusa da Heywood. Irin wannan makarar ce ta cinye mu a unguwarmu: mun tara sa hannu, mun cika zauren taro, sai jami'in tsara gari ya nuna mana cewa filin ya riga ya fita daga ɗamara, kuma sufeton gwamnati mai tantance kundin ya saurari bayanai ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinmu ya halarta ba. Tun daga nan nake buɗe shafin ƙaramar hukuma kowane farkon wata domin duba sanarwar neman ra'ayin jama'a.

Na biyu shi ne dogaro da kyan karkara. Tun Disamban 2024 manufar tsara ƙasa ta ƙirƙiro rukunin da ake kira ɗamara mai ruwan toka, wato filin da aka taɓa ginawa ko wanda ba ya taka muhimmiyar rawa wajen hana birni bazuwa, hana garuruwa biyu haɗewa, ko kare martabar tsohon gari. Irin wannan fili ya fi sauƙin samun izinin gini, kuma kare karkara ba ya cikin wannan ma'auni. Don haka wanda ya cika shafi uku yana yabon ciyawa da tsuntsaye bai taɓa inda ake auna maganar ba. Ka ɗauki taswira, ka nuna tazarar da ta rage tsakanin garinku da na maƙwabta, ka bayyana nawa ginin zai cinye.

Sannan don Allah ku daina cewa ba a buƙatar ayyukan yi! Wannan magana tana ɓata ran kansiloli, kuma ba gaskiya ba ce. A 2021 minista ya amince da gini a tsohuwar mahaƙar kwal ta Parkside da ke Newton-le-Willows saboda buƙatar tattalin arziki, amma ya ƙi na Haydock Point da ke kusa, a bakin babbar hanyar M6, saboda girman illarsa. Abin da nake yi shi ne in tambayi yadda kamfanin ya lissafa yawan ma'aikatan, da ko ya binciki tsofaffin filayen masana'antu da ke zaune ba kowa, da tireloli nawa za su bi ta mahaɗar hanya da daddare.

Faɗuwar darajar gidanka da toshewar abin da kake hange ta taga ba hujja ba ne a doka, kada ka ɓata tawada a kansu. Wasiƙa ɗaya da mutum ɗari suka kwafa ba ta kai nauyin goma da aka rubuta daban-daban ba. Wa'adin ƙorafi yawanci kwana 21 ne. Zagin jami'ai ba ya ƙara komai.

Wasu kuma suna zaton za su ɗaukaka ƙara idan kwamitin tsara gari na ƙaramar hukuma ya amince da ginin. Kamfanin ne kawai ke da wannan dama idan an hana shi. Mazauna ba su da wata hanya sai Babbar Kotu cikin mako 6, kuma alƙali zai duba ko an bi doka ne kawai, ba ko ginin ya dace ba.