Yadda Ake Tantance Sinadaran Feftayid Kafin A Yi Amfani Da Su Don Gina Tsoka Ko Rage Ƙiba

Feftayid gajeren jeri ne na amino asid, wato ƙananan sinadaran da furotin yake ƙunshe da su, kuma jikin ɗan Adam yana haɗa ire-irensa da dama domin aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. Insulin da aka gano a Toronto a 1921 yana cikin wannan dangi. Saboda haka ba a cewa feftayid duk guba ne, ba a kuma cewa duk magani ne. Abin da ya kamata mai ɗaga ƙarfe ko mai neman rage teɓa ya iya shi ne bambance wanda aka gwada a kan mutane daga wanda bai wuce ɗakin gwaje-gwaje ba, tun kafin allura ta taɓa fatarsa.

Ka fara da karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Waɗanda ake tallatawa a intanet suna zuwa ne a 'yar ƙaramar kwalba mai murfin roba, da ɗan farin gari a ƙasanta, kuma kusan dukkansu suna ɗauke da rubutun da ke cewa don bincike kawai aka yi su, ba don amfanin mutum ba. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan rubutu a matsayin cika ƙa'ida, alhali shi ne magana mafi muhimmanci a jikin kwalbar, domin da shi mai sayarwa yake zame kansa daga dokokin da suka hau kan masu haɗa magani. Babu hukumar da ta tabbatar da tsabtar masana'antar, ko ta auna cewa abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta, kuma idan wani abu ya same ka ba ka da wanda za ka riƙe.

Daga nan sai ka nemi tarihin sinadarin da kansa, kana tambayar abu guda: an gwada shi a kan mutane, kuma me aka gani? A nan ne akasarin sunayen da ake yayatawa suke faɗuwa. BPC-157, wanda ake yaba wa da warkar da jijiya da gaɓoɓi, jerin amino asid 15 ne, kuma yawancin binciken da aka yi a kansa ya fito ne daga masana a birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya tun shekarun 1990, a kan ɓeraye. Sakamakon yana da ban sha'awa, amma har yanzu babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna yana warkar da tsagewar jijiya, ko ya fayyace illarsa idan an daɗe ana amfani da shi. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta saka shi cikin sinadaran da take da damuwa kan amincinsu. TB-500 ma haka yake, wani yanki ne na thymosin beta-4, wani feftayid da jiki yake haɗawa da kansa, kuma ya fara suna ne a wajen masu dawakin sukuwa.

Labarin AOD-9604 ya fi koyar da darasi, domin shi an gwada shi. Wani kamfani a Ostareliya ya ciro shi daga sinadarin girma da niyyar ya zama maganin ƙiba, aka yi gwaji a kan ɗaruruwan mutane, a 2007 aka ga bai rage nauyi yadda ake fata ba, kamfanin ya dakatar da aikin. Duk da haka har yau ana sayar da shi da sunan mai ƙona kitse. CJC-1295 da ipamorelin kuwa suna sa jiki ya ƙara fitar da sinadarin girma, wannan gaskiya ne, sai dai ƙaruwar sinadarin a jini ba ita ce ƙaruwar ƙarfi ba. Wani nazari da aka wallafa a 2008, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi da sinadarin girma a kan matasa masu lafiya, ya nuna cewa nauyin da ba na kitse ba yana ƙaruwa, amma ƙarfi bai ƙaru ba, kuma wani ɓangare na wannan nauyi ruwa ne da jiki ya riƙe. Kumburin hannu da ƙafa, ciwon gaɓoɓi, dindirisin yatsu da hauhawar sukarin jini su ne abubuwan da aka saba gani a wannan hanya.

Ta fuskar rage ƙiba, akwai feftayid da suka ci jarrabawa. Semaglutide ya sami amincewar FDA a 2017 don ciwon suga da sunan Ozempic, sannan a 2021 don ƙiba da sunan Wegovy, bayan gwajin da aka yi da mutane kusan 2,000 ya nuna raguwar kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi a makonni 68. Tirzepatide ya biyo baya a 2022 da sakamako mafi girma. Idan burinka rage ƙiba ne kuma nauyinka ya kai matakin da ake ba da magani, hanyar da ta dace ita ce likita ya rubuta maka na asali ka karɓa a kantin magani mai rajista, maimakon ka yi cinikin biri a sama da kwalbar da aka rubuta wa suna iri ɗaya. Ka sani kuma cewa ko na asalin yana kawo tashin zuciya da amai, yana iya jawo tsakuwa a matsarmama, ba a ba mai ciki, kuma wani ɓangare na nauyin da ake zubarwa tsoka ce, abin da ya sa ɗaga ƙarfe da cin isasshen furotin suka zama dole ga mai amfani da shi. Waɗanda suka daina a wancan gwaji sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage a cikin shekara guda.

Masu sayarwa sukan nuna takardar shaidar gwaji mai cewa tsabtar sinadarin ta kai kashi 98 ko 99 cikin 100. Ka duba ko lambar rukunin da ke kan takardar ita ce ke kan kwalbarka, ka duba kwanan wata, ka kuma bincika ko ɗakin gwajin na gaske ne kuma ba mallakar mai sayarwar ba. Ko duk wannan ya cika, takardar tana magana ne a kan samfurin da aka aika, kuma galibi ba ta cewa komai game da ƙwayoyin cuta ko gubar da suke bari a baya, waɗanda su ne ke kawo zazzaɓi da ƙurji mai ruwa a inda aka yi allura. A ganina wannan takarda ta fi kwantar da hankalin mai saye fiye da yadda take kare lafiyarsa.

Akwai kuma matsalar awo, wadda ba a cika magana a kanta ba. Garin yana zuwa da awon miligiram, ana maganar wasu da maikirogiram, sirinjin insulin kuma an tsaga shi ne da wani awo na dabam, don haka kuskuren sifili ɗaya yana ninka abin da ya shiga jiki sau goma. A 2024 FDA ta yi gargaɗi cewa wasu da suke zuƙo semaglutide daga kwalba da kansu sun yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da ya kamata, har wasu suka kwanta asibiti. Waɗannan ma magani ne mai sanannen awo a hannunsu. BPC-157 da 'yan uwansa ba su da wani awo da gwaji ya tabbatar, alƙaluman da ke yawo daga bakin masu amfani suka fito.

Idan kana shiga gasa, ka duba jerin haramtattun sinadarai na hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Ta haramta BPC-157 tun 2022, kuma TB-500 da duk masu tayar da sinadarin girma suna ciki. Ƙa'idarta ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da wani ne ya ba shi. A 2016 kotun sasanta rikicin wasanni ta dakatar da 'yan wasa 34 na ƙungiyar Essendon ta Ostareliya saboda thymosin beta-4.

Kafin ka kashe kuɗi a kan kwalba, ka tabbata ka cika abubuwan da aka riga aka tabbatar: furotin kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinka a rana, barcin awa 7 zuwa 9, ƙara nauyin ƙarfe sannu a hankali, da kiriyatin, wato garin ƙarin abinci da masu ɗaga ƙarfe suke sha, giram 3 zuwa 5 a rana idan ƙodarka lafiya take. Ciwon jijiya kuwa yakan ɗauki watanni, kuma atisayen da likitan gashin ƙashi yake tsarawa ya fi kowace allurar intanet hujja.

Wanda ya riga ya fara amfani da ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, kada ya ɓoye wa likitansa. Ya faɗi sunan abin, da yawan da yake yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, ya nemi a auna masa sukarin jini, da aikin hanta da ƙoda, da kuma IGF-1, wato sinadarin da ke nuna yawan aikin sinadarin girma a jiki, idan mai tayar da sinadarin girma ne. Mai ciki, da mai shayarwa, da wanda bai gama girma ba, da wanda ya taɓa fama da ciwon daji, su nisanci waɗanda ba a amince da su ba gaba ɗaya, domin wasunsu suna aiki ne ta hanyar ƙarfafa girman ƙwayoyin jiki da sababbin hanyoyin jini. Idan aka ga zazzaɓi bayan allura, ko wurin ya yi ja yana zafi yana faɗaɗa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani da ke sarawa zuwa baya, ko kumburin fuska da wahalar numfashi, a dakatar nan take a tafi asibiti, kuma a tafi da kwalbar da kwalinta domin likita ya ga abin da aka rubuta a jiki.