Na'a-na'a da doddoya a bokitin fenti

Gidan haya nake, tsakar gidan kuma siminti ne tun daga bakin ƙofa har banɗaki, ko inda za a soka tsinke babu, amma yau shekara 3 kenan rabon da in aiki yaro sayen na'a-na'a ko doddoya. Duk wadda ta shigo ta ga bokitan nan jere a jikin katanga sai ta ce ai ita hannunta ba ya shuka, ta sha gwadawa suna mutuwa. Ba hannu ba ne 'yar uwa, ruwa ne. Mu muke kashe su da tsabar so, a kwara musu ruwa safe da rana da dare a cikin bokitin da ba a huda ba, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya zube, sai a ce bakin mutane ne.

To ki fara da huda. Tsohon bokitin fenti, jarkar mai da aka yanke, robar wanka da ta tsage, ko buhun shinkafa, duk suna yi. Ki ɗora ƙusa a kan wuta ta yi ja ki huda ƙasan bokitin wuri 6 ko 8, ki zuba 'yan tsakuwa ko fasasshen kasko a ƙasa, sannan ƙasar shuka ta biyo. Ni yadda nake haɗa tawa, ƙasa kwano 2, yashi kwano 1, taki kwano 1. Takin nan fa ya zama wanda ya daɗe ya bushe ya yi baƙi, kashin awaki ko na shanu. Na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji saboda gaggawa, kwana biyu na tarar da komai ya ƙone ƙurmus kamar an watsa tafasasshen ruwa. Ki ɗora bokitin a kan bulo ko duwatsu saboda ruwa ya samu hanyar fita, kuma simintin bazara kar ya dafa saiwar ta ƙasa.

Na'a-na'a ba sai kin nemi iri ba. Irin wadda kika saya ta naira ɗari ko ɗari biyu wajen mai kayan miya, ki zaɓi rassan da suka fi ƙwari masu tsawon ɗan yatsa zuwa tafin hannu, ki tsige ganyen ƙasa ki bar na sama guda 4, ki tsoma a kofin gilashi da ruwa kaɗan ki ajiye a taga inda haske ke shiga amma rana ba ta duka. Ki riƙa canja ruwan duk bayan kwana biyu, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 za ki ga fararen saiwoyi sun fito daga gaɓoɓin, to a lokacin ne za ki dasa, da yamma ba da tsakar rana ba. Abu ɗaya dai, kar ki haɗa ta bokiti ɗaya da wani abu, na'a-na'a ba ta da kunya, ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗo ta mamaye ko'ina sai ta shaƙe maƙwabciyarta. Tana son danshi kuma tana son inuwa-inuwa, ranar safe ta ishe ta. In ta tsufa ta yi dogayen ƙafafu ganyen ya ƙanƙance, ki aske ta gaba ɗaya ki bar kamar gaɓa biyu, ki ɗan barbaɗa taki, ba a mako uku za ta dawo shar.

Amfaninta kuwa kowa ya san shayi, duk wanda ya taɓa zama wajen Buzaye suna dafa shayinsu a 'yar buta kan gawayi ya san ƙamshin nan. Amma ki gwada a zoɓo, bayan kin sauke kin tace sai ki murza ganyen a hannu ki jefa ki rufe, ko a lemon tsamiya da azumi, ko a kwaɗon kokwamba da tumatir. Ba a tafasa ta da yawa, ƙamshin guduwa yake ya bar miki ɗaci.

Doddoya ita ce 'yar halak, ita ta ƙasarmu ce ta san rana ta san wahala. Ita ma reshe za ki karya ki soka a ƙasa mai danshi ko ki fara sa shi a ruwa, kuma tana tsirowa daga 'ya'yanta, shi ya sa da damina sai ki ga ta fito da kanta a bayan gida. Ki ba ta babban bokiti don tana girma har ta kai ƙugun mutum ko ta wuce. Sirrinta shi ne yawan tsinka, ki riƙa cire kan reshe daga sama, duk inda kika tsinke rassa biyu ne za su fito, kuma da kin ga ta fara fure ki tsige shi, in kin bar ta ta yi fure ta yi 'ya'ya sai ta daina kula ganye. Farfesun kayan ciki ko na kifi tarwaɗa in babu doddoya wallahi ni a wajena ruwan yaji ne kawai. Minti biyu kafin ki sauke za ki yayyanka ki zuba. Haka a dafa-dukan taliya da miyar ƙwai, kuma tana kashe ƙarnin kifi sosai.

Lawashi kuma kusan kyauta ne. Albasar nan da ta fara tsiro a kwando kike cewa ta lalace, ki binne ta ki bar kan a waje, ko gindin albasa mai lawashi da kika yanke, ki bar saiwar ki soka a ƙasa. Bayan mako biyu kin fara yanka da almakashi kina sa wa a wainar ƙwai, dambu, faten tsaki, in kin yanka ya sake fitowa sau biyu ko uku kafin ya gaji.

Akwai ciyawar shayi, wadda ake ce wa lemun giras, ita tushe ake ɓallewa daga wajen mai ita a dasa, ki rage tsawon ganyen kafin ki binne. Tana son rana sosai da ruwa, kuma ki yi hankali gefen ganyen yana yanka hannu kamar reza. A ƙulle ganye uku ko huɗu a jefa a tukunyar shayi da citta, gidan duka sai ya ɗauka. Lansir kuwa na hunturu ne, a barbaɗa irin a faranti ko kwano mai faɗi, mako biyu zuwa uku an yi kwaɗo da ƙuli. Citta ma tana yi a buhu in kin samu ɗanya mai ido, sai dai ita tana cin wata 8 ko 9, kuma ta fi son ruwa irin na Kaciya da kudancin Kaduna inda ake nomanta da gaske, ni dai sau ɗaya na yi don sha'awa, abin da na tona bai cika kofi ba.

Yanzu maganar ban ruwa da na fara da ita. Kafin ki zuba ki soka ɗan yatsa a ƙasar zuwa gaɓa ɗaya, in kin ji danshi ki ƙyale su. Da hunturu sau ɗaya a rana ya isa, wani lokacin ma a tsallake rana. Daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 shi ne ake asara, a nan sai safe da yamma, ki ja bokitan zuwa inuwar katanga ko ki ɗaura musu tsohon gidan sauro ko buhu a sama, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don kar ta yi saurin bushewa. Da damina kuma abin dubawa shi ne kar ruwa ya kwanta a bokiti. Ba sai kin ƙara kuɗin mai ruwa ba, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da na alwala duk ni tara su nake, amma ban da ruwan Omo ko mai gishiri da maiƙo.

In kin ga ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganye ganyen yana nannaɗewa, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa da yamma, ki maimaita bayan kwana huɗu ko biyar, kuma ki wanke ganyen da kyau kafin girki don ɗacin yana kamawa. Maganin ƙwari na gona kar ki kusanto da shi, abu ne da za ki tsinka yau ki ci yau. Akuya kam ba ta da magani sai tsayi, tunkiyar layyar maƙwabtanmu ta taɓa shigowa ta share min na'a-na'ar wata biyu kafin in idar da sallar la'asar, tun daga ranar na sa aka kafa min katako a jikin katanga, can sama suke zaune yanzu, doddoya ce kawai na bari a ƙasa na kewaye ta da waya.