Abin da ke hana harsunan gefen eriya kwanciya

Ɗaliban injiniya a nan Jos sukan kawo mini jerin eriyoyin da suka haɗa, kuma kukansu ɗaya ne: a kwamfuta komai ya yi kyau, a kan tebur kuwa harsunan gefe sun miƙe tsaye. Su ne ƙananan harsunan siginar da ke fita a gefen babban, suna ɓarnar ƙarfi suna kwaso hayaniyar maƙwabta.

Wasu tun a rabon wuta suke tuntuɓe. Idan ka ba kowace eriya ƙarfi daidai wa daida, harshen gefe na farko zai tsaya wajen desibel 13 a ƙasan babban, ko eriya ɗari ka jera. Sai ka fifita na tsakiya, ka riƙa ragewa zuwa baki, bisa lissafin masanan eriya, na Dolph na 1946 ko na Taylor na 1955. Amma fa babban harshen zai ƙara faɗi, ƙarfinsa ya ɗan ragu. Ba ka da yadda za ka yi da wannan.

Tazarar da ke tsakanin eriyoyin kuma, ka tsaya a rabin zangon siginar, wato rabin tsawon igiyarta guda: santimita 6.25 a gigahaz 2.4. In ta kai zango guda, wani harshen zai ɓullo mai girman na tsakiya.

Inda ya fi damuna shi ne waya. Wani yaro ya zo da eriya takwas, lissafinsa ba makusa, amma da ido ya yanka wayoyin. Na miƙe su a kan tebur, na sa ma'auni, sai ga guda ta ɗara 'yan uwanta da santimita ɗaya. Ya ce, “Malam, ai wannan ba komai ba ne.” A cikin irin wayar da ya yi amfani da ita, RG-58, sigina tana tafiya ne da kashi 66 cikin ɗari na gudun haske, don haka zangonta santimita takwas ne da ɗoriya. Santimita ɗayan nan ta jinkirta eriyar da fiye da digiri 40 cikin 360 na zango guda, ta rushe aikin wata uku. Ka auna kowace waya da na'ura bayan ka ɗaura mata kai, domin dalma ma tana sauya lissafi.

Sannan kada ka yi gwaji a ɗaki. Jeri mai faɗin rabin mita yana buƙatar aƙalla mita 4 tsakaninsa da na'urar awo, kuma rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna maido da sigina har ka zargi eriyarka a banza. Ka fita fili, ka ɗaga ta sama da ƙasa sosai, ka yi nesa da tankin ruwa.