Yadda za ka bi salsalar sunan danginku idan sunan ba kasafai ake jin irinsa ba

Idan sunan danginku irin wanda in ka faɗa sai an ce maka "sake faɗi, ya ake rubuta shi?" ne, to ka sani kana da wata sa'a da masu suna gama-gari ba su da ita. Mai suna Smith a Ingila ko Wang a ƙasar Sin in ya ce zai bi duk wanda ke amsa sunan ai sai ya tsufa bai yi rabi ba, don gidaje ne barkatai da ba su haɗa jini ba kowa ya ɗau sunan ta hanyarsa. Amma sunan da duk duniya masu shi ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, sau da yawa za ka iya tattaro su kaf, ka yi ta bin su baya har ka ƙure su a yanki ɗaya, wani lokacin ma a ƙauye ɗaya. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, daga kanka ake farawa a koma baya, takarda bayan takarda, ba daga wani tsohon basarake mai irin sunan ake farawa a gangaro ana neman inda za a manna shi da ku ba. Yawancin masu ɓata a wannan aiki a nan suke ɓata.

Fara da tsofaffin gidanku, kuma yau ba gobe ba. Ka nemi izininsu ka kunna rikoda a waya, kar ka tsaya a tambayar "daga ina muka zo" kawai don wannan tambayar haddataccen labari take jawowa, wanda kowa a gidan ya riga ya sani. Ƙananan abubuwa za ka tambaya, wa ya haifi kaka, su nawa ne a ɗakinsu, wace sana'a yake yi, ina aka binne shi, wa ya yi tafiya bai dawo ba, akwai wani reshe da aka daina zumunci da su kuma me ya jawo. Don Allah kar ka tsallake mata, gwaggo da inna sukan riƙe wa ya auri wa da wa ya haifi wa fiye da maza nesa ba kusa ba. Kuma ka ji kowa shi kaɗai, in ka tara su wuri ɗaya babban ne zai yi ta magana sauran suna gyaɗa kai, alhali inda maganarsu ta saɓa nan ne ya fi amfani a gare ka.

Daga nan sai ka tambayi kanka, a ƙasar da kakanninku suka fito yaushe ma aka fara gadon suna? Wannan shi zai nuna maka iyakar inda sunan zai iya kai ka. A Ingila abin ya faro ne bayan zuwan Normawa, mayaƙan da suka ci ƙasar daga arewacin Faransa, a 1066 kuma zuwa wajajen 1400 yawancin gidaje sun riga sun tsaya a suna ɗaya. Amma a wasu wuraren gwamnati ce ta sa doka rana ɗaya. A Holan dokar Napoleon ta 1811 ce ta tilasta wa kowa rajistar sunan iyali, a Japan 1875, a Turkiyya 1934. A Tailan dokar 1913 ta ce kowane gida ya riƙe sunan da ba na wani ba, shi ya sa can kusan kowane suna masu shi 'yan kaɗan ne kuma masu shi galibi dangi ne. A Filifin kuwa wani gwamnan Sifaniyawa, Narciso Clavería, a 1849 ya fitar da kundin sunaye aka rarraba gari-gari, har akwai garuruwan da sunayen mutanensu da yawa suke farawa da harafi ɗaya, kaga ke nan sunan Sifaniyanci a can ba ya nuna jinin Sifaniya ko kaɗan. Akwai kuma inda sunan uba ne yake zama na biyu yana canjawa duk tsara, kamar Ayislan har gobe da kuma al'ummomi da yawa na Musulmi. In haka ne a gidanku, to abin da za ka bi shi ne laƙabin gida ko nisba ta gari ko sana'a ko sarauta, ka gano wa ya fara sa shi a takarda, makaranta ce ta sa masa ko aikin soja ko fasfo.

Yanzu maganar rubutu, kuma a nan zan daɗe don ita ce take kashe bincike. Kar ka taɓa cewa "mu da harafi biyu muke rubuta namu, su da ɗaya, don haka ba danginmu ba ne". Kakanka mai yiwuwa bai taɓa rubuta sunansa da hannunsa ba, faɗa ya yi wani magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji da ƙa'idar harshen da aka koya masa. Dubi Fulani masu amsa Jallo, inda Faransa ta yi mulki an rubuta Diallo, a Saliyo Jalloh, a Gambiya Jallow, a Gini Bisau Djaló, mutane ɗaya ne alƙalami ne ya bambanta. Haka sunan da aka ɗauko daga rubutun Larabci ko na Rasha aka mayar boko, sai ka same shi kala biyar ko shida. Saboda haka ka zauna da biro ka faɗi sunan a bayyane, ka rubuta duk hanyar da baƙo zai iya rubuta shi, ka canja wasula, ka ninka baƙi, ka cire na ƙarshe. Yawancin shafukan bincike suna karɓar alamar tauraro (*) a madadin haruffan da ba ka tabbatar ba, yi amfani da ita. Sannan akwai kuskure na biyu wanda na zamani ne, wato na masu kwafe tsofaffin rajistoci zuwa kwamfuta, a tsohon rubutun Turai akwai doguwar s mai kama da f, ga u da n da ba a bambance su a rubutun hannu, ga babbar L da babbar S. Duk lokacin da aka ba ka zaɓin ganin hoton ainihin shafin to ka buɗe shi ka karanta da idonka, kar ka wadatu da abin da wani ya kwafo.

Amma fa ta ɗaya ɓangaren ma ka yi hattara, kama da wane ba ta wane. Sunaye biyu daga nahiyoyi biyu suna iya faɗowa a kan haruffa iri ɗaya ba tare da wata alaƙa ba, musamman gajerun sunaye.

Takardun da za ka nema su ne na haihuwa da aure da mutuwa, ƙidayar jama'a, rajistar coci ko ta kotun alƙali, takardun gado da na fili, jerin masu biyan haraji, rajistar makaranta da ta soja, rubutun kan kaburbura, da jerin fasinjojin jiragen ruwa. Kowace ƙasa da nata tsarin da kuma nata giɓin, kuma sanin giɓin yana hana ka ɓata wata guda kana neman abin da babu shi. Misali a Ingila tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, rajistar gwamnati ta fara a 1837, ƙidayar da ta fara kawo sunan kowa ita ce ta 1841, ta 1921 an buɗe ta a 2022, ta 1931 kuwa gobara ta cinye ta a 1942. Amurka sai bayan shekara 72 take sakin ƙidaya, ta 1950 ta fito a 2022, kuma yawancin ta 1890 ta lalace sanadiyyar gobarar 1921. A Ailan ma'ajiyar takardu ta Dublin ta ƙone a yaƙin basasar 1922, amma ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan kyauta a intanet. Shafin FamilySearch kyauta ne kuma ya tara takardun ƙasashe da yawa, daga nan nake ba da shawarar a fara kafin a sa kuɗi a wani wuri. Ka lura da kwanan wata ma, kafin 1752 a Ingila sabuwar shekara 25 ga Maris take kamawa, kuma in takardar da lissafin Hijira aka rubuta ta ka tuna shekararta ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11.

In ka tara abin da ya samu sai ka ɗauko taswira. Kowane mai sunan ka sa masa ɗigo a inda aka haife shi, ba inda ya mutu ba, kuma ka bambanta launi, na kafin 1800 daban, na 1800 zuwa 1900 daban, na bayan nan daban. Za ka ga sababbin ɗigo sun watsu ko'ina, tsofaffin kuwa suna ta matsowa wuri ɗaya. Wurin nan da suka taru shi ne za ka sa wa ido. Kar yawan masu sunan a babban birni ya ruɗe ka, Landan da Paris da Istanbul masauki ne, kowa can ya je neman abinci, abin dubawa shi ne a ina suka fi yawa in an gwada da yawan mutanen wurin. Mutum 30 a ƙauye mai mutum 600 sun fi mutum 200 a birni mai miliyoyi nuna asali. Da ka ƙure yankin sai ka duba tsofaffin taswirorinsa, don baƙin sunaye da yawa sunan wata 'yar unguwa ce ko gona ko rafi ko tudu, wani lokacin wurin ma ya ɓace sunan ne kawai ya rage a jikin mutane. Shafuka irin su Forebears da ke nuna yaɗuwar suna a duniya suna da amfani don hango inda za ka dosa, amma ƙiyasi ne, kar ka ɗauke shi hujja.

Yaɗuwar kuma kusan kullum tana da dalili da za ka iya kamawa, yaƙi, fari, fatauci, aikin ma'adinai, layin dogo, neman ilimi, bauta. Kuma mutane bin juna suke yi, ɗaya ya je ya zauna ya kira ƙaninsa, ƙanin ya kira surukinsa, shi ya sa sai ka ga suna ya tsallake teku ya taru a gari ɗaya tak. Sama da mutum miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis da ke mashigin tekun New York tsakanin 1892 da 1954, kuma jerin fasinjoji na farkon ƙarni na 20 yakan nuna garin da mutum ya baro da wanda zai sauka wurinsa. Zancen da ake yawan yi cewa ma'aikatan tsibirin ne suke canja wa mutane suna ba shi da tushe, tun a tashar da aka taso ake rubuta jerin, mutane ne da kansu suke sauyawa daga baya don samun aiki ko gudun tsangwama. Ko gidan sarautar Ingila a 1917 ya ajiye sunansa na Jamusanci ya koma Windsor saboda yaƙi. Inda bauta ta shiga kuwa abin akwai ciwo, a ƙidayar Amurka ta 1850 da 1860 bayi ba a rubuta sunansu, shekaru da jinsi da launi kawai a ƙarƙashin sunan mai su, sai a 1870 aka fara rubuta su da suna. Haka 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 suka sauka Legas da Porto-Novo da sunaye irin su Da Silva da Da Rocha. A irin wannan hali sunan yana ba ka tarihin hanyar da aka bi da su ne, jinin kuma sai ka neme shi ta wata ƙofa.

Wani zai ce to me ya sa sunan ya yi ƙaranci haka? Wani sabo ne, wani kuskuren rubutun wani sanannen suna ne da ya zauna, wani baƙo ne a inda kake amma gama-gari ne a wata ƙasa, wani kuma ƙarewa yake yi. Tun 1873 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya jefa tambayar yadda sunaye ke ƙarewa, Henry Watson ya amsa da lissafi, cewa inda ta wajen maza kaɗai ake gadon suna, duk gidan da ya haifi mata zalla ko bai haihu ba reshensa ya yanke, a hankali sunaye da yawa sai su shuɗe ko da jinin yana nan cike da gari.

Sai gwajin ƙwayar halitta, wato DNA. Wanda ya dace da binciken suna shi ne na Y, don shi yake bi daga uba zuwa ɗa kamar yadda sunan yake bi, mace ba ta da shi sai dai ta roƙi wanta ko ƙaninta ko baffanta ya yi. A 2000 Bryan Sykes na jami'ar Oxford ya gwada maza masu irin sunansa ya samu kusan rabinsu tsatso ɗaya ne, kuma binciken Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester ya nuna iya ƙarancin suna iya yiwuwar masu shi su haɗa kaka. Su ne ma a 2007 suka gwada maza 18 masu wani baƙon suna na yankin Yorkshire, 7 daga ciki suka fito da nau'in Y na Afirka ta Yamma, su kansu ba su sani ba. Shawarata ka gwada mutum ɗaya daga kowane reshe mai nisa, ba 'yan gida ɗaya ba. Kuma ka yi tunani sosai kafin ka fara, gwajin nan yana tono abin da aka rufe, riƙo ko agolanci ko abin da ya fi haka nauyi, ka gaya wa duk wanda zai ba da yawunsa gaskiyar haka tun farko kuma kar ka matsa wa kowa.

Masu sayar da "tambarin gidanku" da takardar tarihin suna mai ado a intanet kuwa ka bar musu kayansu. A Ingila mutum ɗaya ake ba tambari shi da magadansa, ba duk mai amsa sunan ba, kuma labarin da suke bugawa kusan iri ɗaya ne suna kawai suke canjawa.

Duk abin da ka samu ka rubuta inda ka same shi a take, sunan rajistar da shekara da lambar shafi ko wanda ya faɗa maka da ranar, kuma ka ware gida uku, abin da takarda ta tabbatar, abin da aka ji daga baki, da abin da kai kake zato. Ka ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Sannan ka nemi sauran masu sunan a Facebook da makamantansa cikin ladabi, ka fara ba su abin da kake da shi kafin ka roƙi nasu, ka duba kuma ko wani ya riga ka fara aikin, akwai ƙungiyar Guild of One-Name Studies da aka kafa a Ingila a 1979 wadda membobinta kowa suna ɗaya yake bi a duk duniya. In za ka wallafa sakamakon a fili ka tsaya a kan waɗanda suka rasu, bayanan masu rai kamar ranar haihuwa da adireshi da sunan uwa sai da yardarsu.