Yadda za ka shiga wasan kurket ta ƙofar Yorkshire

Duk wanda ya tambaye ni kurket, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, a fadarmu ta unguwar Zariya, ba na fara masa da dokoki, don su suka kusa kashe mini gwiwa da farko. Kulob ɗaya nake ba shi ya riƙe, Yorkshire na Ingila, kamar yadda yaro ke riƙe ɗan kokowar garinsu tun bai san kamun ƙafa ba.

Ka fara haddace wannan, ɗan'uwa: an kafa shi a Sheffield a 1863, gidansa filin Headingley na Leeds, tambarinsa farar fure. Kofin gasar gundumomin Ingila ya ci sau 33, daga 1893 zuwa 2015, har da wanda suka raba da Middlesex a 1949. Babu kulob ɗin da ya kamo shi.

Daga nan ka bi mutane, don tarihin a jikinsu yake. Wilfred Rhodes, mai jefa ƙwallo da hagu, ya fitar da masu bugun ƙwallo daga wasa sau 4,204, har gobe ba a taka sawunsa ba. Len Hutton, yana buga wa Ingila, ya tara maki 364 shi kaɗai a kan Ostareliya a 1938, ya fi awa 13 yana bugu. Ka auna wannan da tsayuwar mutum a gona tun hantsi! Amma labarin da ya fi taɓa ni na 1992 ne. Shekaru da dama kafin nan, sai wanda aka yanke wa cibiya a Yorkshire ke sa rigar. Da suka buɗe ƙofa, baƙon farko daga ƙetare yaro ne ɗan Indiya mai shekara 19, Sachin Tendulkar. 'Yan Yorkshire sun daɗe suna jin ƙishirwa lokacin, tun 1968 rabonsu da kofin, sai 2001 suka sake ɗaga shi.

Sannan kallo. Kakar tana tafiya daga Afrilu zuwa Satumba, kuma a watannin nan agogonmu ɗaya da na Ingila. Galibi ƙarfe 11 na safe ake farawa, ana nunawa a YouTube. Wasa ɗaya kwana huɗu ne, saboda haka kada ka ƙone megarka kana zaune. Ni ina jingina waya a jikin butar shayi, in kalli rabin awa bayan azahar, in rubuta maki da adadin waɗanda aka fitar a bayan kwalin sukari. Washegari in kwatanta. Kwali uku na cika kafin lissafin ya zauna mini.

Idan za ka zaɓi wasan farko, jira ranar da za su haɗu da Lancashire, masu jar fure, maƙwabtansu kuma abokan hamayyarsu tun kaka da kakanni. Ranar ka zo fada da wuri, wayar ɗaya ce kuma tabarmar ba ta da faɗi.