Idan hankalinki bai kwanta da mai ba ki shawara ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Bayan haihuwata ta biyu damuwa ta kama ni, barci ya ƙaurace wa idona. Wata uku ina zuwa wajen wani masanin halayyar ɗan Adam, amma kullum idonsa na kan agogon bango, ina tsaka da magana sai ya ce, "Ki yi haƙuri, zai wuce." Da nauyin da na shiga nake fitowa. Kunya ta hana ni magana, sai da yayata ta matsa mini na nemi a haɗa ni da mace. A zama na biyu na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ki ba mutum zama 3 ko 4 tukuna, domin da farko kowa baƙo ne. In har lokacin ba ya sauraronki, ko yana raina addininki da zamanki na gida, ki nemi canji, haƙƙinki ne. Ki roƙi a rubuta miki taƙaitaccen bayanin jinyarki, kada ki sake labari tun daga tushe.

Don Allah, idan likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ki kan magani, kada ki daina sha don kin canza likita. Yanke shi farat ɗaya yana iya dawo da ciwon, ya kawo jiri da rashin barci.

A Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, likitocin wannan fanni sun fi ɗaya, kina iya tambaya a wajen karɓar kati.