Shawara ga masu fama da dannau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu fama da dannau, don Allah ku kwantar da hankalinku, ba ya kisa.

Lokacin da mutum yake mafarki, ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in sai hankali ya farka kafin jiki ya saku. Kana ji, kana gani, amma ko yatsa ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi, har ka ga kamar mutum tsaye a kanka. Ragowar mafarkin ne, yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna.

Ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda barci bai ishe shi ba, irin ɗalibai lokacin jarrabawa da masu aikin dare. Don haka a riƙa kwanciya ta gefe, a tsayar da lokacin barci, babba ya samu aƙalla awa 7. In ya zo, kar a yi kokawa da shi. A ja numfashi sannu a hankali, a gwada motsa yatsan ƙafa.

Wanda abin ya yawaita gare shi, ga barci na kwashe shi da rana ba shiri, lallai ya ga likita.